Igiyar Shanya

Autarmu ba ta nan. Kujerarta tana nan a gefen teburin guga, dutsen gugarta mai ƙonannen mariƙi yana nan, ita ce babu. Jini ne ya tafi da ita 'yan kwanaki bayan haihuwarta ta fari, ba wanda ya sani sai da ta yanke jiki ta faɗi. Ranar da muka je gidan mijinta mun tarar da igiyar shanya cike da zannuwanta fes, mata na ta cewa, "Allah sarki, yarinya mai tsafta, ko jego bai hana ta wanki ba."

Wanki da guga ne sana'ar gidanmu. Umma ta raine mu a kan doka guda: duk tufar da ta ɓaci, a wanke ta kafin ido ya gani. Ko matata a shagonmu na same ta, ranar da na ƙona mata mayafi. Tun ranar take ce mini Mai Ƙona Kaya, ni kuma har gobe Kwastoma nake kiranta.

Da Kwastoma ta haihu, nas ta ja mini kunne kafin a sallame mu. "Ta kwanta ta huta. Ban da wanki, ban da ɗaukar nauyi. In jini ya yi yawa ko ta ji jiri, ku dawo da gudu."

Na faɗa wa Umma, ta taɓe baki.

"Hutu? Ni da na haife ka, washegari ina matsar bargo! Wane dare ne... kai dai ka cika tsoro."

Tsoron kuwa ina jin sa. Ko tari Kwastoma ta yi sai gabana ya faɗi. Na roƙe ta ta zauna a gado, ta yi dariya a gajiye.

"Haba Mai Ƙona Kaya, so kake Umma ta ce ka auro raguwa? Don't worry, lafiyata ƙalau."

Wata rana da azahar na dawo daga kai wa mutane kayansu, ina shiga tsakar gida na tsaya cak. Igiya ta cika daga bango zuwa bango, kuma ba kayan kwastomomi ba ne. Zannuwan matata ne, da zanen gadonmu, da wanda muke canzawa da shi, duk suna ɗigar ruwa.

Umma na zaune tana jijjiga jariri, fuskarta cike da fara'a.

"Ka ga 'yar halak! Ta ɗauki halin gida, tun safe take faman wanki."

Na sami Kwastoma a bakin famfo, ta jingina da bango, leɓɓanta sun yi fari fat.

"Kwastoma, jini ne?"

"Kaɗan ne..." Muryarta kamar ta wanda ke magana daga ƙasan rijiya. "Na wanke duka. Don Allah kada Umma ta gani."

Na sungume ta. Umma ta miƙe ta tare ƙofa.

"Ina za ka kai ta? Asibiti kuma? So kake a ce na kasa riƙon mai jego a gidana?"

Ban taɓa ɗaga wa mahaifiyata murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce, "Umma, dubi igiyar nan. A ina kika taɓa ganin irinta?"

Ta waiwaya. Ta dubi zannuwan ɗaya bayan ɗaya, ruwa na ɗiga ƙasa. Sai na ga fuskarta ta canza.

"Auta..." ta ce a hankali. Sai kuma ta ƙwalla ƙara, "Innalillahi! A kira direba! Maƙwabci, fito da motarka!"

A mota ita ta riƙe kan Kwastoma a cinyarta, tana kuka tana cewa, "'Yata, buɗe ido, ki yi mini magana!" Ni kuwa hannunta na riƙe, ina jin sanyinsa yana ƙaruwa.

Likita ya tambaye mu yawan jinin da ta zubar. Wa zai iya faɗa, an wanke komai? Ya ce ragowar mabiyiya ce ta maƙale, da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Aka yi mata aiki, aka ƙara mata jini. Da ta buɗe ido, ni ta fara gani.

"Mai Ƙona Kaya... ka kwashe shanyar?"

Na yi dariya, hawaye na zuba.

Da muka dawo gida Umma da kanta ta ajiye bokiti a ɗakinmu. "Duk abin da ya ɓaci ki saka nan, sai na gani da idona kafin ya taɓa ruwa. In na gan ki a bakin famfo, ni da ke ne!" Ko cokali ba ta bari ta wanke ba har ta murmure.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne, amma wannan na sani: mai jego hutu take buƙata, ba yabo ba. Kunyar da za ta sa ta ɓoye ciwonta, mu na kusa da ita ne za mu cire mata.

Mai karatu, taya ni addu'a. Allah Ya jiƙan Autarmu, Ya raya marayan da ta bari, Ya ba kowace mai jego lafiya da masu lura da ita. Ka ce amin.