Wayar da ta Ratsa Ɗakin Tsohuwa

A Garin Maje babu mai tsoron aljanu. Hanyar tsamiya ce kawai ba a bi da tsakar rana, wai saboda zafi.

Ku matso, ku rage murya.

Shekarar da aka kawo intanet, an sha musu: faranti mai kama tauraron ɗan'adam, ko waya ta ƙarƙashin ƙasa? Masu waya suka yi rinjaye. Aka ja rami daga bakin titi har asibitin gari, ta gindin tsamiya. Ba wanda ya yi sallama kafin ya sara.

Sau uku wayar tana tsinkewa a wuri ɗaya. Kamfani ya ce gafiya ce.

Na huɗun ya faɗo ranar da Tasalla ta kwana tana naƙuda. Ungozoma na nuna wa likitan birni halin da ake ciki ta bidiyo, hoto ya tsaya cak. Wan Tasalla, Sallau, shi ne mai gyaran wayar. Ya ɗauki shebur ya fita shi kaɗai, rana a tsaka.

Ya tona. Ga bakin waya biyu, an yanke su tsaf. Gafiya ba ta da almakashi.

"Ba a koya maka sallama ba?"

Wata tsohuwa ce zaune a kan saiwa. Bakinta a rufe. Daga cikin ramin muryar ke fitowa. Sallau ya dubi ƙafafunta sau ɗaya, bai ƙara ba. Dugadugan ne a gaba.

"Salamu alaikum, Iya."

"Yanzu? Kun ratsa min tsakar ɗaki. Duk gulmar garinku ta kan gadona take wucewa. Waƙoƙin biki har asuba. Jikokina ba sa barci."

Sallau ya russuna.

"Iya, ƙanwata ce..."

"Tasalla. Na ji. Ɗan ya zo a gicciye." Ta miƙo hannu. Hannun ya yi ta tahowa. "Ba ni wayar in riƙe. Zuwa la'asar kawai. Kada ka waiwaya."

Bai waiwaya ba. A can ya bar shebur da takalmi ɗaya.

Yana isa asibiti ya ji muryar likita tana cewa a juya a hankali. Ana kiran la'asar jariri ya yi kuka. Hoto ya ɗauke.

Washegari suka koma su biyar, da ƙwaryar nono da sallama tun daga nesa. Suka tarar an kitse bakin wayar biyu, kitso ƙanana irin na amare. Injiniyan kamfani ya ce haske ne ke bi ta cikin wayar, kuma haske ba ya bi ta kitso. Ya rubuta gafiya.

Don haka kada ɗayanku ya bi tsamiya shi kaɗai.

Gari kuwa ya koma faranti, kuma yana aiki lafiya, sai in hadari ya haɗo. Har yau ba a gano wa za a yi wa sallama a can sama ba.