Kanumfari Guda a Cikin Roba

"Ke Sakina, ɗan matsa can don Allah, warin man kaɗanyarki zai sa ni amai!"

Tahira ce ta faɗa tana toshe hanci da gefen mayafi, a tsakiyar matan da suka cika gidan suna a ƙauyensu na gefen Ɗanbatta. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sakina ta matsa ɗin. Tahira ƙanwar Abdulkabir ce, saurayin Sakina na shekara biyu, to me za ta ce?

Sana'arta dai ba ɓoyayya ba ce. Man shafawa take haɗawa, gadon kakarta: man kaɗanya, busasshiyar citta, masoro da kanumfari, a daka, a narka, a tace. Manomin da huɗa ta sagar wa kafaɗa, matar da daka ya riƙe wa baya, duk ƙofarta suke zuwa. Amma a gidan su Abdulkabir, tun da ya fara dillancin hatsi a Dawanau ya sayi babur da agogo, sunanta 'yar mai magani.

Hajiya Hure, mahaifiyarsa, tana hakimce a kan kujera ta miƙe ƙafa.

"Hajiya, ya gwiwar?" wata ta tambaya.

"Na warke sarai! Ɗana ke sayo min mai a babban kemis a Kano, na ƙasar waje." Ta zaro wata farar roba mai rubutun Turanci daga jaka, ta watsa wa Sakina harara. "Ba irin jagwalgwalon da ake dafawa a bayan ɗaki ba."

Ta buɗe murfin.

Ƙamshin ya bugi hancin Sakina...

Ko a mafarki ta san wannan ƙamshin. Wata uku ke nan Abdulkabir yana zuwa zance dafe da kafaɗa, yana marairaicewa: "Sanyin idona, babur ya kashe min kafaɗa, ki taimaki bawan Allah." Ita kuwa sakarya, ta duƙa gaban turmi har citta ta sa ta hawaye, wai masoyinta ba lafiya. Ashe juye man yake a robar kanti!

 Ta durƙusa gaban Hajiya.

"Hajiya, barka da samun sauƙi. Don Allah ki sa yatsa ki laluba cikin man nan."

"Kun ji fitsara!" in ji Tahira.

"Akwai kanumfari guda wanda ba a daka ba. Kakata ta koya min, da shi nake yin bisimilla kafin in zuba mai a kowane gwangwani."

 Hajiya ta luma yatsa tana taɓe baki, ta juya, ta juya, sai ga shi ta tsamo, baƙi sil, yana sheƙi.

"A robar farko ma na tsinci ɗaya," ta ce a sanyaye. "Ya ce min haka Turawa suke sawa..."

Wayyo dariya! Har da mai faɗuwa kan tabarma. Tahira ta saki hancinta ba shiri. Sakina dai ta ɗauki takalmanta ta fice.

Bayan la'asar sai ga Abdulkabir a kan babur a ƙofar gidansu. Ta fito zaure da hannu duk mai, ko gogewa ba ta yi ba.

"Sakinata, haskena, ki tsaya ki ji..."

"Ya kafaɗar?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wallahi da na ce naki ne ba za ta shafa ba. So nake ta warke tukuna, sannan in faɗa mata."

"Ta warke tun kafin a cire gyaɗa, Abdulkabir. Me ya riƙe bakinka?"

"Lokaci nake jira."

"Lokaci?" Ta yi wata 'yar dariya mai ciwo. "A gabanka ake kirana mai wari, kai kana gyara agogo. Hannuna ya yi maka, sunana ne abin kunya ko?"

"Ina sonki!"

"A ɓoye. Riƙe kayanka."

Ta dube shi sama da ƙasa, da shaddarsa mai sitaci da turarensa, ta ji mamakin yadda ta taɓa ganinsa namiji. Ta shige gida. A bayan rumbu ta yi kukanta, don ƙarya ne a ce son shekara biyu ya fita a wuni ɗaya.

Kwana takwas, sai ga Hajiya Hure da kanta tana ɗingishi, farar robar nan a hannu ba komai a ciki.

"'Yata, na ci mutuncinki, ki yafe min. Na ce wa Alhaji maigidana a turo manya ranar Juma'a. Yaron nan ko abinci ba ya ci."

Sakina ta shimfiɗa mata tabarma, ta ɗebo mai a tafin hannu, ta murza mata gwiwar a hankali har sai da tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya. Sannan ta ɗauko nata gwangwanin, tsohon na madara, ta yi bisimilla ta jefa kanumfari, ta cika shi fal.

"Na yafe, Hajiya. Mai kuma duk ranar da ya ƙare ki aiko."

"To zancen Juma'a fa?"

Sakina ta ɗauki farar robar da yatsa biyu, ta ajiye mata a gefen tabarma.

"Ki mayar masa da wannan. Ya nemi matar da ba sai ya sauya mata roba ba kafin ya nuna ta."