Gurbi Ɗaya

"Wallahi ban nema ba, Sharhabil! Ko fom ban cike ba!"

Bara'atu ce tsaye a bakin rumfar waldarsa da ke Rafin Guza, takardar ɗaukar aiki a hannunta.



"Na sani, masoyiyata. Allah ya sanya alheri."

Shekara biyar suka yi tare a ajin Asabar da Lahadi na jami'a, ajin waɗanda karatu ya kuɓuce wa da ƙuruciya. Ita jinyar mahaifiyarta ce ta zaunar da ita shekara takwas. Shi kuwa maraya ne, tun yana sha biyar yake riƙe da ƙannensa. Duk ajin babu mai makinsa, ita kanta da koyarwarsa ta haye.

Da gurbi ɗaya ya fito a ma'aikatar da Abbanta ya yi ritaya yana darakta, har ƙasa ta durƙusa ta roƙe shi ya sa wa Sharhabil baki. Ko banza gwaggonta, Hajiya Uwani, za ta daina cewa mai walda ba sa'ansu ba ne.

Abba ya miƙa maganar ga Suhaib, ɗan Hajiyar, wanda ke ofishin ɗaukar ma'aikata, kuma ya daɗe yana neman aurenta.

Sai ga takarda da sunanta.

"Shekarunsa sun wuce ƙa'ida," in ji Suhaib da ta tuhume shi.

"Ni ma ai nawa sun wuce, Yaya!"

Ya yi murmushi. "Ke 'yar gida ce."

Yanzu ga ta gaban Sharhabil, hawaye wani na bin wani.

"Zan mayar musu..."

"Ki mayar su ba wa? Ni? Wani ɗan gidan za su kira, Bara'atu."

"To mu fa?"

"Jiya Abba ya aiko. Ya ce in dawo neman aurenki ranar da na samu aikin ofis." Ya yi wata dariya mai ciwo. "Ƙofar tasu ce, makullin na aljihunsu."

"Zan jira ka, wallahi zan jira!"

"Kin riga kin ba jira shekara takwas. Ba zan ci sauran ba."

Ranar Litinin ta kama aiki, teburinta na kallon na Suhaib.

Bayan wata bakwai aka kafa sabuwar ƙofar ƙarfe a ma'aikatar. Tun daga nesa ta gane aikin hannun Sharhabil ne.

Kullum ta nan take shiga.