Mai Farar Riga a Tarago

A can da, wani manomi ya gyara tsohon taragon jirgin ƙasa a gonarsa, baƙi suna zuwa hawa. Ba inji. Dokarsa ɗaya: in an tura ka, kai ma ka tura.

Rannan wani mai farar riga ya hau, aka tura shi har bakin rafi.

Manomi ya ce, "Malam, sauko ka tura."

Ya ce, "Rigata fa?"

Aka sake roƙonsa. Ya ce, "Rigata fa?"

Kowa ya yi tafiyarsa. Hanya kuwa duk taɓo.

Da yunwa ta ishe shi, ya tuɓe rigar, ya shimfiɗa ta a kujera, ya turo tarago shi kaɗai.

Yara suka tarbi rigar: "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe!"