Agogon Da Sai An Yarfa Masa Hannu

Hannu biyu ne suka sauka kan agogo ɗaya a faifan Ahmadu mai gwanjo, ranar kasuwar Makarfi, ana tsakiyar hayaniyar masu lodin rake. Hannu ɗaya da lalle, ɗayan kuwa tuni yana ɗaure da wani agogon.

"Malam, ni na fara gani," in ji mai lallen.

Bilya ya ɗago kai, nan take cinikin ya ɓace masa. Doguwa ce, sanye da farin hijabin ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya, ta haɗe gira kamar za ta shiga dambe.

"Ga wani nan a hannunka. Wai hannu nawa gare ka?"

Tambayar da mutanen Ikara suka gaji da yi masa ke nan. Bilya ma'aikaci ne a wani shagon taki da iri, albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma Allah Ya jarabce shi da son tsofaffin agoguna. Ba ya sayen sabo, ba shi ma da halin saye. Ƙa'idarsa ita ce, duk agogon da ya fi kaza tsada ba nasa ba ne. Sai ya haƙura da tsire da shayin safe, ya bi faifan 'yan gwanjo kasuwa-kasuwa yana tsinto matattu, ya kai a farfaɗo da su, ya jera su cikin gwangwanin biskit da ya shimfiɗa wa tsohuwar hula. Tsabar son abin ya sa shi kansa ya koma kamar agogo, ba ya iya zama wuri ɗaya.

"Me za ki yi da shi? Na maza ne fa," ya ce.

"Bugun jinin marasa lafiya zan riƙa ƙirgawa. An hana mu shiga ɗakin marasa lafiya da waya, kuma shi na ga yana da siririn hannun nan na sakan."

"To wannan kunya zai ba ki. Irin nawa ne, ba ya cin batir, motsin hannu yake ci. Ga shi ya tsufa. Kina zama shiru zai yi barci, sai kin yi masa haka."

Ya yarfa hannun hagunsa da ƙarfi, ya duba fuskar agogon, ya kara mata a kunne. Ta saurari ƙas-ƙas ɗinsa, girar ta saki, dariya ta ƙwace mata.

Ya tona ƙasan faifan ya zaƙulo mata wani ƙarami mai batir, ya taya ta ciniki har Ahmadu ya ce shi dai yau ya haɗu da annoba. Sannan ya ce ta karɓi lambarsa, ko da agogon zai tsaya. Ta ce sunanta Firdausi, daga Kudan.

Agogon bai tsaya ba. Amma kafin sati ya zagayo saƙo ya shigo wayarsa:

"Salam. Agogonka lafiya lau yake tafiya. Na ce bari in faɗa maka kada ka yi ta jira."

Bilya ya karanta ya sake karantawa, har ya auna wa wani manomi irin masara a maimakon na dawa. Ya mayar mata:

"Jiran kam na yi shi, Likitata. Har addu'a nake ya tsaya."

"Allah Ya shirye ka, Sarkin Aiki."

Daga nan sunayen suka bi su. Hanyar Ikara zuwa Kudan kuwa ta san Bilya, don duk ranar hutu yana cikin motar haya, an matse shi tsakanin kwandunan tumatir, yana murmushi shi kaɗai. In ya je zance kowane zuwa da agogon da yake ɗaurawa, kuma kowanne da labarinsa: wannan a cikin tarkacen mai gyaran rediyo ya tsamo shi, wancan wani direba ne ya ba shi musayar tocila. Firdausi ba ta gajiya da ji. Tana son yadda fuskarsa ke haske in yana zancen abin da kowa ya yar. Ta ce a ranta, mutumin da ke lallashin tsohon ƙarfe haka ba zai wulaƙanta mace ba.

Mahaifinta, Malam Maiwada, manomin rake ne, dattijo mai son a girmama shi. In ya fara nasiha, shayi kan huce a gabansa bai kurɓa ba. Da ya ce yaron ya zo su gaisa, Firdausi ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta san saurayinta, ta san ubanta.

"Sarkin Aiki, don girman Allah gobe ka bar agogo a gida. Ka zo da hannunka haka nan."

"An gama, Likitata."

Ba a gama ba. Da safe ya buɗe gwangwanin don ya ajiye na hannunsa, sai idonsa ya faɗa kan wanda ya fi ƙauna, mai ruwan zuma. Ya ce a ransa, ina aka taɓa zuwa gaban suruki tsirara? Ai girmamawa ce a sa abin da ya fi kyau. Ya ɗaura abinsa.

A zaure ya tarar da Malam Maiwada, gefensa Safiyanu dillalin tumatir, maƙwabcinsu, wanda ya daɗe yana neman Firdausi tana zillewa. Bilya ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaida gida, ya gaida gona, ya gaida iyali. Ya sunkuyar da kai yadda ya kamata. Matsalar ita ce, wanda ya sunkuyar da kai hannunsa yake kallo.

Malam ya fara nasiha a kan haƙuri. Ya taɓo zamanin mahaifinsa, ya gangaro kan tsadar taki. Bilya bai motsa ba, agogon kuwa da ya ji shiru sai ya yi barci. Bilya na ganin siririn hannun ya tsaya, kafin hankalinsa ya iso, hannun hagunsa ya riga ya tashi. Ya yarfa shi fat-fat, ya duba.

Malam ya ɗan dakata, ya ci gaba. Can an jima, daidai inda yake cewa mace amana ce, hannun ya sake tashi.

Malam ya katse nasihar.

"Tashi ka je, samari," in ji Malam Maiwada a hankali. "Kada ka makara."

"Baba, wallahi ba haka..."

"Na ce ka tashi."

Bilya bai gama saka takalmi ba ya jiyo muryar Safiyanu: "Baba, ai haka 'yan zamani ke yi in sun gaji da maganar mutum. Kuma da hagu!"

Kafin la'asar hukunci ya isa cikin gida. Malam ya ce ba zai yi wa 'yarsa dole ba, ta kawo duk wanda take so, amma ban da wanda ya yarfe masa hannun hagu a zaurensa. Ya kuma ce wa Safiyanu in an gama saran rake ya turo magabatansa, in yarinya ta amince shi ke nan.

Firdausi ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, sannan ta ɗauki waya ta rubuta wa Bilya:

"Na roƙe ka. Ka ce an gama. Ashe ƙarfe ya fi ni daraja a wurinka."

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya tura saƙo ya fi a ƙirga, shiru. Bilya ya rame a tsaye. Ya je shago ya kasa aiki, ya koma gida ya kasa zama, ƙas-ƙas ɗin gwangwanin da a da yake masa daɗi yanzu sai ya ji kamar tsegumi ake yi da shi. Ga motocin rake kullum suna wucewa shaƙe, kowacce tana tuna masa gonar Malam na ƙarewa.

Ita ma Firdausi fushin bai hana ta aiki ba. Ta zauna ta yi wa mahaifiyarta, Inna Adama, bayanin agogon da ba ya cin batir. Inna ta kai maganar gaba, ta dawo da amsa.

"Ya ce wai agogon da sai an yarfa masa hannu? Ya ce shi za a mayar yaro?"

"Inna, wallahi gaskiya ne."

"Na sani, 'yar nan. Amma babanki ba agogo ne ya ɓata masa rai ba. A gaban baƙo aka yi masa."

Rannan sai ga saƙon Bilya:

"Likitata, na ɗaure gwangwanin. Ranar kasuwa zan kai wa Ahmadu duka, ya ba ni abin da ya ga dama. In babu ke, ban ga lokacin da zan duba ba."

Ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta mayar masa:

"Kada ka kuskura ka sayar da ko ɗaya. Ni mai agogo na gani na ce ina so. Ka ɗauko babba a gidanku ku zo ku ba Baba haƙuri. Wannan karon in ka zo da agogo, kada ka ƙara kirana."

Ya ɗauko Kawu Tukur, ƙanin mahaifiyarsa, suka yi sammako. A mota Kawu da kansa ya laluba hannayensa da aljihunsa. Babu komai sai farin shatin agogo a fatar hannun, inda rana ta shekara da shekaru ba ta taɓa ba.

Malam Maiwada ya karɓe su don darajar furfurar Kawu, fuska ba yabo ba fallasa. Safiyanu na nan a gefensa, wai ya zo duba farashin rake. Firdausi kuwa tana bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, ta kasa kunne.

Kawu Tukur ya ba da haƙuri, ya ce ɗa na kowa ne, in ya yi kuskure uba ke gyara shi. Bilya ya durƙusa, ya tura hannun hagunsa ƙarƙashin cinyarsa ya danne. Malam ya gyara murya ya ɗauko nasiha, wannan karon a kan ladabi, kuma bai yi niyyar taƙaitawa ba.

Gumi ya jiƙa wa Bilya riga. Ƙafarsa ta yi tsami, ya ɗan muskuta don ya gyara zama. Shi ke nan, hannun ya samu hanya. Ya fito, ya yarfu fat-fat, Bilya ya kai ido kan fatarsa.

Kawu Tukur ya rufe fuska da hannun riga. A bayan ƙofa Firdausi ta dafe kai.

"Ka gani ko, Baba?" in ji Safiyanu. "Ya ƙara!"

Malam bai kula shi ba. Ya tsura wa hannun ido.

"Samari, ƙarfe nawa?"

Bilya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce, "Baba... babu agogon."

"Na ga babu. To me ka duba?"

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban san na yi ba." Hawaye ya zubo masa. "Ka yafe mini. Ina son Firdausi, ina ganin girmanka. Hannun ne ya fi ƙarfina."

Malam ya juya ga Kawu. "Malam Tukur, watau ko ba na nan haka yake yi?"

"Ko tuwo yake ci, Malam. Ko akuya ce a gabansa."

Gemun Malam Maiwada ya fara rawa. Ya so ya danne, abin ya ƙi, ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. Da ya lafa ya share ido ya ce, "Wanda ya ƙosa da maganar mutum agogo yake dubawa. Wanda ke duba fatar hannunsa kuwa ba raini ba ne, lalura ce. Ni da na ɗauka korata ake yi a gidana!" Ya dubi Bilya da kyau. "Hali zanen dutse. Tunda 'yata aikin lafiya take koyo, ta je ta yi ta fama da kai. Malam Tukur, ku turo."

Safiyanu ya tuna yana da lodi, ya nemi takalminsa.

"Amma da sharaɗi," Malam ya ƙara. "Ranar ɗaurin aure hannun nan ya kwana a aljihu, kada liman ya ce shi ake hanzartawa."

Tun ba su kai tasha ba wayar Bilya ta yi ƙara:

"Ka kusa kashe ni a tsaye, Sarkin Aiki. Allah Ya shirye ka. Alhamdu lillahi."

Bayan an kwashe rake aka ɗaura aure a Kudan. Mutanen Ikara sun cika mota, har Ahmadu mai gwanjo ya rufe faifansa ya zo. Ango ya sha babbar riga, abokansa biyu suna gadin hannun hagunsa har aka shafa fatiha.

Da 'yan kai amarya suka watse, Bilya ya shigo ɗakin ya rasa inda zai sa kansa. Ya zauna, ya miƙe, ya gyara labule, ya sake zama. Firdausi na kallonsa ta ƙasan mayafi. Da ta ga hannun ya ɗago zai yarfu, sai ta miƙa nata mai lalle ta riƙe shi.

"Ina kuma za ka, angona? Ai ka iso."

Hannun ya kwanta cikin nata, bai ƙara motsi ba.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya sa mutuwa ce kaɗai za ta raba.