Amon Jitar Lauwali

Ana shirin kiran magariba, Hamdiyya na kora awaki turke, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo. Aka leƙa bayan katanga, ba kowa. Da aka waiwayo, ga Hamdiyya tsaye ƙiƙam, maƙogwaronta na fitar da kiɗan jita, sauti uku, a shaƙe.

Ubanta Armaya'u, mai gyaran rediyo a Tambuwal, ya san kiɗan nan. Ɗansa Lauwali makaɗin jita ne. Armaya'u ya haɗa masa akwatin amo a gwangwanin alewa, yaro ya taɓa tsirkiya ɗaya, akwati ya yi ta maimaitawa. Lauwali ya ce amon ya yi gajere. Uban ya sauya 'yan ƙarafan ciki, amo ya yi tsawo, sai dai ya dushe, yana shuu kamar rediyon da batirinta ya yi sanyi. Yaro ya ce haka ma ya fi daɗi. Ya kaɗa sauti uku, ya murɗa maɓallin maimaici har ƙarshe, ya hau babur zuwa biki a Kebbe. Gawarsa aka dawo da ita.

Akwatin kuwa bai daina ba. Armaya'u ya jona shi da batirin sola, ya hana kowa taɓawa. Damina ta zo ta wuce, yana zama gabansa kullum da almuru. Mai gyara ne fa, ya sani sarai amo ba ya kai haka. Bai so ya tambaya ba.

Tun daga ranar jifan nan Hamdiyya ta daina ci, ta rame, murya ta tafi. Sai aka ɗauko Malam Maccido daga Sanyinna. Ya zauna kan buzu ya yi ta karatu, har yarinya ta ɗago kai da muryar tsohuwa.

"Wa ke nan?" in ji Malam.

"Maƙwabciya ta. Gindin tsamiyar bayan gidanku nike."

"Mi yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi komi ba. Kiɗin nan tun ranar jana'iza ya mutu cikin gwangwani. Na ga mutumen ga shina kuka, ni ko na san rashin ɗa. Sai na shiga ina yi mai. Muryata ta ƙare, na yi jifa a kula ni, ba a kula ba. Shi na sa na ari tata."

Armaya'u ya dafe kai. Wayyo, ashe tausayi ne ya shigo masa gida.

"Ku bar min ita da almuru kaɗai," in ji tsohuwar. "In na hita, kiɗin ya tahi ke nan."

Malam ya juya ya dubi uban. Wallahi sai da Armaya'u ya yi jim, kuma kowa a tsakar gidan ya ga jim ɗin. Sannan ya dubi ƙasusuwan wuyan ɗiyarsa.

"Na gode, baiwar Allah," ya ce. "Sake min ita."

Hamdiyya ta yi atishawa ta sulale, ta nemi ruwa. A ɗaki gwangwani ya koma shuu zalla.

Washegari Armaya'u ya zauna a shago, ya so ya rera sautin nan uku a bakinsa. Na farko ya zo, na biyu ya ƙi. Ya kira Hamdiyya ya ce ta tuna masa.

"Wane kiɗi, Baba?" ta ce.