Layin da Kun-lung Ya Yanke

Da magariba abin ya soma, lokacin da Siu-kim ke zuba miyar kifi a kwanoni. Wani abu ya faɗo kan kwanon rufin gidan, ƙwal. Wani ya sake faɗowa. Mijinta, Tsai Kun-lung, ya leƙa tsakar gida ya tsinto dunƙulen ƙanƙara mai ƙarnin kifi, a tsakiyar zafin birnin Kaohsiung da ko kare ba ya iya kwanciya.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasu, don haka ba labari aka ba ni ba. Kun-lung shi ke kula da layukan wani kamfanin ajiyar kifi a bakin tashar jiragen ruwa. Daga kwamfutar teburinsa yake shiga babbar na'urar kamfanin ta layin waya. Idan allon kwamfutar wani ma'aikaci ya daskare, ko rubutu ya fito a hargitse, shi ake nema. Gwani ne, ba na hana shi wannan. Amma mutum ne mai raini, wanda kullum amsarsa ɗaya ce: laifinka ne, kashe ka kunna.

Kwana uku ana jifan. A na huɗu 'yarsu Pei-chun, mai shekara goma sha biyar, ta ajiye tsinken cin abinci ta ce sanyi take ji. Aka lulluɓa mata bargo biyu. Leɓɓanta suka yi shuɗi, numfashinta na fita da tururi. Kowace magariba sai ta tashi ta zauna gaban kwamfutar uban, allo a kashe, tana buga maɓallai da yatsun da suka sandare. Likita ya auna ta ya ce bai ga ciwo ba, amma zafin jikinta raguwa yake kullum, kuma idan aka ci gaba a haka ba za ta kai mako ba.

Siu-kim ce ta je haikalin unguwa ta ɗauko Malam Ngo, tsoho mai aikin aljanu, wanda ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Ya zo rana na faɗuwa. Ya kunna turare, ya ƙona takardar laya a cikin kwano, ya zauna yana kallon yarinyar har turaren ya ci rabi. Ni ina bakin ƙofa.

"Wace ce a jikin 'yar mutane?" ya tambaya.

Muryar da ta fito ta babbar mace ce, a dishe. "Hung Bi-hun. Tambayi mai gyara, ya san lambar layina."

Kun-lung ya ce bai santa ba. Ƙarya yake, kowa a unguwar ya ji labarin matar da aka tsinci gawarta a ɗakin sanyi na kamfanin wata biyu da suka wuce. Ƙofa ce ta kulle da ita bayan an tashi aiki.

"Akwai allo mai maɓallan rubutu a ɗakin," in ji muryar. "Na rubuta masa. Sau arba'in na rubuta."

"Shara ce ta fito min!" Kun-lung ya yi tsawa. "Alamomi ne barkatai, ba rubutu ba. Na ɗauka layin ne ya maƙale."

"Me ke sa rubutu ya fito haka?" Malam Ngo ya tambaye shi a hankali.

Kun-lung ya ce kwamfutarsa kwaikwayon allunan kamfanin take yi, idan ta kwaikwayi wani iri daban da na can, sai haruffa su rikice.

"Gyaran na ɗaukar awa nawa?"

"Minti biyu."

"Ka yi?"

Muryar ce ta amsa masa. "Miyarsa za ta huce. Ya yanke layin ya tafi cin abinci. Ina kallon allon ya mutu."

Siu-kim ta toshe baki da hannu. Ni kuwa, wallahi, a lokacin na tsani mutumin nan.

Malam Ngo ya shiga ciniki. Ya yi mata alkawarin kuɗin takarda da za a ƙona mata, da tufafi masu kauri, da suna a bangon haikali. Ta yi dariya ta ce ta riga ta gama jin sanyi. Ya ce yarinya ba ta yi mata komai ba.

"Nima ban yi masa komai ba," in ji ta. "To, zan fita. Amma daga yau duk abin da 'yarsa ta faɗa ko ta rubuta, yadda nawa ya zo masa haka zai zo masa. Wanda ya fassara masa ko kalma ɗaya, na dawo, kuma ba zan fita ni kaɗai ba."

Malam Ngo ya dubi uban. Kun-lung ya dubi leɓɓan 'yarsa, ya ce ya yarda.

Turaren ya mutu. Pei-chun ta kife a kan tebur, gumi ya karyo mata, jini ya dawo fuskarta. Uwar ta rungume ta tana kuka. Can yarinyar ta ɗago, ashe duk abin da aka faɗa da bakinta tana ji. Ta kama hannun rigar ubanta, idonta cike da hawaye.

"Baba," ta ce, "da ni ce a ɗakin nan, da nima ka yanke?"

Na ga fuskarsa. Bai ji komai ba sai ƙara irin ta layin waya. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, duk muka sunkuyar da kai. Sai ya ga ya kamata ya kwantar mata da hankali. Ya shafa kanta, ya yi murmushi, ya gyaɗa kai alamar eh.

Ta saki rigar.